Su ma baƙi ne: abin da tsofaffin kaburburan Ingila ke nunawa

Duk wanda ya kwana biyu a Ingila cikinmu ya san tambayar da ake yi a zaman makoki: a kai gawa gida ko a rufe ta a nan? A nan sai an yi rajistar mutuwa cikin kwana 5, an karɓi koriyar takarda ta izinin binnewa, sannan a haƙa kabari. In mai binciken sanadin mutuwa ya shigo ciki kuwa, gaggawar da muka saba sai haƙuri.

Masu ƙasar ma kakanninsu da yawa baƙi ne. Angulo-Sakson sun tsallako teku daga arewacin Jamus da Denmak a ƙarni na 5, kowa da al'adarsa ta jana'iza: wasu su ƙona gawa, wasu su binne. A tsohuwar maƙabartarsu ta Spong Hill da ke Norfolk, an tono tukwane sama da 2,000 cike da tokar gawa, waɗanda aka binne da jikinsu kuwa 57 ne kacal. Inda ake binnewa, mace takan tafi da maɗauran tufa biyu a kafaɗu, duwatsun ado a tsakaninsu, makullai a ƙugu. Namiji mashi da garkuwa da wuƙa. Itacen garkuwar ya ruɓe, ƙarfen cibiyarta kaɗai ake samu.

Ƙasar kabari ma tana ɓata wa masu tono aiki. Ta Sutton Hoo, wata tsohuwar maƙabarta a Suffolk, mai tsami ce, ta cinye ƙasusuwa. Jirgin ruwa mai tsawon mita 27 da aka gano a wani kabari a can a 1939, sawunsa a yashi da ƙusoshinsa kawai suka rage.

An daɗe ana kuskuren ɗaukar kayan kabari a matsayin shaidar asali. Binciken ƙwayoyin halitta na 2022 ya nuna ba haka ba ne: 'yan ƙasa da baƙi suna kwance maƙabarta ɗaya, sau da yawa da kaya iri ɗaya.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne kabarin wata yarinya ta ƙarni na 7 a Updown, can Kent. Wani kaso na jininta, ta wajen uba, daga Afirka ta Yamma yake. Ba a ware ta gefe ba. An rufe ta kusa da danginta na uwa, aka ajiye mata tukunya da wuƙa da cokali da matajin ƙashi.