Kafin ka kwance kafireton sikuta, bi tiyoyin nan tukuna

Yawancin ƙananan baburan sikuta masu injin GY6, wato 139QMB mai cc 50 da 152QMI mai 125 da 157QMJ mai 150, hanyar mansu iri ɗaya ce, matsalolinsu ma kusan ɗaya ne. Babur ya ƙi tsayawa a silo, ko ya yi tafiyar minti goma ya shaƙe ya mutu, ko salansa ta riƙa harbi in an saki totur. Abin da aka saba yi shi ne a ɗora wa kafireto laifi, a kwance shi a wanke, in bai yi ba a sayo sabo, in shi ma bai yi ba a fizge na'urorin tace hayaƙi a zubar. A ganina an fara daga inda ya kamata a ƙare. Kafireton waɗannan injuna da zuƙar iskar fistin yake aiki, bawul ɗin mai ma haka, na'urorin hayaƙi ma haka. Siririn tiyo ɗaya ya tsage, dukkansu za su nuna alamar ciwo alhali lafiyarsu ƙalau.

Aikin fetur a fili ake yin sa, inji a sanyaye, ba sigari ba wuta kusa.

Fara da tabbatar da cewa mai yana isowa. A ƙasan kwanon kafireto akwai sukurun zubar da mai. Sassauta shi, ka tari abin da ya fito a kwalba mai haske. In ka ga ɗigon ruwa ya kwanta a ƙasa ko jar ƙura ta tsatsa, matsalar daga tanki take, kuma ko sau nawa ka wanke kafireto zai sake toshewa. Fetur mai haɗin etanol yana jan danshi in ya daɗe a ajiye, yana kuma taurara tiyoyi masu arha har su riƙa ɓarɓashi ta ciki. In kuma ba abin da ya fito, koma kan bawul ɗin mai. Tiyo uku gare shi: mai shigowa daga tanki, mai tafiya kafireto, da siriri mai zuwa manifol, wato gajeren bututun da ke haɗa kafireto da kan inji. Cire na kafireto ka sa bakinsa a kwalba, cire siririn daga manifol ka zuƙa da sirinji. Mai zai zubo da kauri, da ka saki ya tsaya cak. In ɗigo-ɗigo yake yi, duba filtar mai da kibiyar da ke jikinta, wadda dole ta kalli kafireto. In kuwa ka tarar da fetur a cikin siririn tiyon, robar cikin bawul ɗin ta huje, inji yana shan mai kai tsaye ta manifol. Fulogi zai yi baƙi, kuma sau da yawa fetur ya gangara cikin baƙin mai. Shinshina sandar gwajin baƙin man, in tana warin fetur ka juye shi bayan ka canza bawul. Baburan da tankinsu ke ƙarƙashin matakin ƙafa suna da ɗan famfo mai aiki da bugun zuƙar inji a madadin wannan bawul, shi sai ana juya inji ake gwada shi.

Wurin da ya fi ruɗa mutane shi ne numfashin tanki. Duk man da ya fita daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. A baburan da aka yi wa tsarin kama tururin fetur, murfin tanki a like yake, iskar tana bi ne ta wani tiyo da ya fito daga saman tanki, ya ratsa ɗan bawul mai hana zuba in babur ya faɗi, ya shiga wani baƙin gwangwani cike da gawayi. Gawayin yana riƙe tururin, in inji ya tashi sai wani tiyo ya zuƙe shi zuwa ciki ya ƙone. Tsari ne mai kyau, ba ya rage ƙarfin inji ko kaɗan. Abin da ke kashe shi cika tanki har baki. Mai ya malala cikin gwangwanin, gawayi ya jiƙe, iska ta daina wucewa. Babur zai tashi lafiya, ya yi 'yan mintuna, ya fara shaƙewa ya mutu, ka bar shi ya huta ya sake tashi kamar ba abin da ya faru. Gwajin ba ya buƙatar ko sifana: da ya mutu, buɗe murfin tanki kana saurare. In ka ji shiii na iska tana shiga, sannan ya tashi bayan 'yan kik, ka kama ɓarawon. Cire gwangwanin ka tsiyaye shi, ka bar shi ya bushe a iska nesa da wuta, ko ka canza shi. Shi kuma ɗan bawul ɗin hana zuba, a tsaye yake wucar da iska, in ka kifa shi ya rufe. In an ɗaure shi a karkace zai riƙa rufewa a kan hanya.

A baburan da wani ya riga ya cire gwangwanin ana samun kuskure biyu, kuma a juye aka yi su. An toshe tiyon numfashin tanki, wanda ya kamata ya zauna a buɗe, an kuma bar bakin zuƙa na manifol a buɗe, wanda ya kamata a rufe. Na farko yana hana mai sauka, na biyu yana shigar da iskar da kafireto bai auna ba.

Ita wannan iskar sata ita ce babbar mai ɓata silo. Manifol na roba ne, yana zaune a kan kan inji mai zafi, nauyin kafireto kuma yana rinjayarsa, don haka yana tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Alamunta: silo ya hau sama ya ƙi saukowa da wuri bayan ka saki totur, inji ya yi zafi fiye da kima, fulogi ya yi fari fat. Tayar da inji, ka fesa maganin wanke kafireto kaɗan-kaɗan a jikin manifol, da gindinsa inda ya haɗu da kan inji, da bakin kowane siririn tiyo. Inda ƙarar inji ta canza, nan ne. Kada feshin ya kusanci salansa. Tsakanin manifol da kan inji akwai wani faifai mai hana zafi da zoben roba, a duba su. Notocin nan biyu ƙanana ne, ɗaurin wajen Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ya ishe su, ƙari a kan haka sai dai ya lanƙwasa gindin manifol ya buɗe sabuwar kafa.

Kafin a taɓa sukurun kafireto, a gyara tazarar bawulolin kan inji. Bawul ɗin da ya matse yana kwaikwayon ciwon kafireto sak: wahalar tashi da mutuwa a silo. Inji a sanyaye, juya magneto har alamar T ta daidaita da alamar jikin inji, babban ramin giyar kam, wato giyar sandar da ke buɗe bawuloli, yana sama, ƙananan ramuka biyu suna layi da bakin kan inji. Mai cc 50 ana ba shi milimita 0.05, masu 125 da 150 kuma 0.08 zuwa 0.10, amma abin da littafin baburin ya ce shi ne gaba. Fulogi irin C7HSA ne, tazararsa milimita 0.6 zuwa 0.7.

Yanzu kafireto. Jet, wato ɗan sukuru mai rami da mai ke bi ta cikinsa, biyu ne a cikin kwano, babba da ƙarami, kuma ƙaramin, na silo, shi ke toshewa. In babur ba ya zama sai da totur a riƙe, shi ne. Kwance shi, fesa magani, busa da iska, ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa. In sai an soka, silin wayar tagulla guda ɗaya za a sa. Allurar ƙarfe tana faɗaɗa ramin, daga nan ba sauran saiti. A sama, ƙarƙashin murfi, akwai robar da ke ɗaga allurar kafireto, wadda ke daidaita man da ke fitowa ta babban jet. Ɗaga ta a haske ka nemi huji ko tsaga. In ta huje, ko bakinta bai zauna daidai a gurbinsa ba, babur zai yi silo lafiya amma ya ƙi wuce rabin gudu. Mai yana zuba ta tiyon ambaliya kuwa, allurar fulot, wadda ke tsayar da mai in kwano ya cika, ita ce ta ci ko datti ya tokare ta.

Cok ɗin waɗannan babura na lantarki ne, kuma ba iska yake rufewa ba, ƙarin hanyar mai ce wadda take a buɗe in inji na sanyi. Da inji ya tashi, wuta daga magneto tana ɗumama shi, allurarsa ta sauko ta toshe hanyar. Shi ya sa zare wayarsa ba ya kashe shi, barin sa yake yi a kunne har abada, babur ya tashi da sauƙi da safe, ya yi zafi ya fara shan mai da baƙin hayaƙi. Cire shi, auna tsawon allurar, haɗa wayoyinsa biyu da batir mai bolt 12 na minti biyar, ka sake aunawa. Ya kamata ta ƙaru da milimita 3 zuwa 4.

Sukurun haɗin mai yana ɓangaren inji, buɗe shi ƙara mai ne. A wasu baburan an rufe shi da hular tagulla tun daga masana'anta saboda dokar hayaƙi. Murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, kada ka matse, ka dawo da shi zagaye biyu. Bari inji ya yi zafi sosai, sannan ka riƙa juyawa kwata-kwata kana jiran daƙiƙa goma, har ka sami inda silo ya fi tashi da santsi. Daga nan saukar da shi da sukurun totur har tayar baya ta daina juyawa a kan jak. In sai ka wuce zagaye uku, jet ɗin silo ya yi ƙanƙanta ko akwai sauran iskar sata.

Sai bututun ƙarfen nan da ke fitowa daga kan inji zuwa wani ɗan akwati. Aikinsa shigar da iska mai tsabta bakin salansa ta wani bawul mai harshen ƙarfe, don ragowar man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa. Iskar tana shiga ne bayan an gama ƙonewa a silinda, saboda haka cire shi ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko na gashin tsuntsu. Ɗan tas-tas a salansa lokacin sakin totur ɗabi'arsa ce. In harbin ya yi yawa, duba harshen ko ya karye, da tiyon ko ya ƙone, da gasket ɗin salansa. A ƙasashe da dama, ciki har da Amurka, cire na'urorin hayaƙi daga abin hawan da ke bin titi laifi ne. Masu baburan tsere da ke toshe shi suna sa farantin ƙarfe da gasket, su rufe bakin zuƙarsa a manifol, kuma ba ya buƙatar canjin jet. Matatar hayaƙi da ke cikin salansa ita ma ba ta cika lalacewa da kanta ba, doguwar tafiya da mai fiye da kima ce ke toshe ta ko narka ta.

Gyaran da ke canza saiti da gaske shi ne buɗe hanyar iska. Ka cire akwatin iska ka sa buɗaɗɗiyar filta, iska ta ƙaru, mai ya yi kaɗan, kuma ƙarancin mai a cikakken totur shi ke cinye bawul da fistin. Irin wannan kafireto ma ya fi son natsattsiyar iskar akwati, don haka ni ban ga ribar cire shi a injin da ba a ƙara wa girma ba. Wanda ya nace, ya sayi jerin jet daga kamfani ɗaya, don lambobin kamfanoni ba sa daidaita da juna. Babban jet na mai cc 50 yakan kasance wajen 75 zuwa 85, na 150 kuma ɗari da 'yan kai. Fara da wanda ya fi girma, inda inji ke gurnani yana sarƙewa a cikakken totur, ka riƙa saukowa mataki-mataki har ya washe, ka tsaya nan. In a tsakiyar totur inji ke sarewa saboda ƙarancin mai, wasa (ɗan zoben ƙarfe) mai kaurin milimita 0.5 a ƙarƙashin kan allura yakan gyara shi. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Don karanta fulogi, sa sabo, yi gudu a cikakken totur, kashe inji kana cikin gudun, ka leƙa can gindin farar tangaran: ruwan ƙasa mai haske ake nema. A wuri mai tudu sosai iska ba ta da kauri, jet ɗin da ya yi daidai a ƙasa zai yi yawa a can.

Sababbin sikuta da aka ƙera don dokokin hayaƙi na Turai, Euro 4 na 2016 da Euro 5 na 2020, galibi ba su da kafireto, injekta mai fesa mai ce da kwamfuta. A nan ba jet ba sukuru. Famfon cikin tanki yana tura mai da matsin wajen bar 3 (ma'aunin matsi), saboda haka tiyon kafireto ba ya ɗaukarsa, sai nasa na musamman, kuma a sauke matsin kafin a cire shi. Kunna makulli ka saurari kukan famfon na 'yan daƙiƙu, ka auna batir, mai lafiya yana ba da wajen bolt 12.6 a hutu. In fitilar inji ta kama, a karanta lambar matsalar kafin a canza komai, kuma kada a zare na'urar auna iskar da ke jikin salansa, don da ita kwamfutar ke daidaita man.