Kulorin ya tsaya, ashe amoniya ce ke cinye shi

Jama'a, ku taya ni murna, kulorin ya tsaya a ruwan tafkin ninkaya na gidana, ya daina ɓacewa! Jiya bayan isha na auna na samu 12 ppm (ma'aunin yawan sinadari a ruwa, kashi cikin miliyan), yau da asuba kafin rana ta fito na samu 11.5, CC kuwa, wato kulorin da ya riga ya haɗe da amoniya ko datti, bai haura 0.5 ba. Duk wanda ya buɗe tafkin ninkaya bana ya ga yana zuba kulorin kamar yana zubawa a kwando, to ya karanta wannan kafin ya ƙara kashe ko sisi.

Nawa na bayan gida ne a nan Ohio ta Amurka, galan 15,000, da filtar yashi. A watan Oktoba na rufe shi da murfin raga, CYA, sinadarin da ke kare kulorin daga rana, na kan 50. Ƙarshen Afrilu na yaye murfin, ruwan ya fi kama da shayin da aka ɗiga wa madara, ga wani wari mai hawa kai. Cire toshe-toshen bututu, mayar da kwandon famfo, cika ruwa zuwa tsakiyar bakin sikima (kafar da ke zuƙe dattin saman ruwa), duk wannan ya tafi lami lafiya. Na sauko da pH, ma'aunin tsamin ruwa, zuwa 7.2 na fara zuba kulorin na ruwa.

Nan fa aka yi ta. Kulorin mai ƙarfin kashi 10, galan ɗaya da rabi ya kamata ya ba ni 10 ppm. Na zuba a gaban bututun da ke dawo da ruwa, na ba shi kwata, na ɗebo mililita 10 na sa garin DPD mai mai da ruwa ja in da kulorin a ciki. Da ƙyar ruwan ya yi ɗan ja-ja, ɗigo ɗaya na maganin awo ya wanke shi, wato kulorin kusan babu. Da na ɗiga R-0003 mai nuna CC kuwa sai ya koma ja jawur, CC ya haura 5. Na ƙara galan ɗaya da rabi, haka. Raina ya ɓaci matuƙa, don gansakuka komai yawanta ba ta lashe 10 ppm cikin minti goma sha biyar, ballantana ruwan da sanyinsa bai kai digiri 15 na Salsiyas ba.

Awon CYA ne ya tona asirin. Kun san baƙin ɗigon nan na gindin bututun awo, wanda ke ɓacewa in ruwan ya yi hazo. Na cika bututun har baki, ɗigon yana nan tar yana kallona. Ina 50 ɗin da na bari ta tafi? Narkewar ƙanƙara da ruwan sama da ke bi ta raga suna tsarma shi, amma ba za su kai shi sifili ba. Abin da ke faruwa shi ne, in kulorin ya ƙare ƙaf a tsakiyar hunturu, ƙwayoyin bakteriya na ƙasa sukan samu shiga su cinye CYA, wani lokaci su bar amoniya a madadinsa. Ita kuwa amoniya da ta haɗu da kulorin take riƙe shi, shi ya sa FC, wato kulorin mai aiki da bai haɗe da komai ba, ke faɗuwa CC na tashi.

Na je shagon masu kiwon kifin ado na sayo kayan awon amoniya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Bayan minti biyar ruwan kwalbar ya tashi daga rawaya ya koma kore shar, dab da 8 ppm, iyakar katin ke nan. Lissafin da ake yi, kowace ppm ɗaya ta amoniya tana cin kusan goma ta kulorin. Wato ina bin tafkin nan wajen galan 12 kafin ma a fara maganar gansakuka. A lokacin galan ɗaya ya kusa dala shida a unguwarmu, kuma kafin ƙura ta lafa na haura dala 150 a kulorin kaɗai. Ya yi mini ciwo, wallahi.

A wani shagon kayan tafki an so a haɗa ni da sitabilaiza (shi ne CYA ɗin) da maganin gansakuka, wai tunda CYA sifili ne rana ce ke ƙone kulorin. Na ƙi. Rana ba ta aiki da daddare, kuma da daddaren ma ɓacewa yake yi. Zuba CYA a wannan hali ƙara wa bakteriyar abinci ne, sannan yana rage wa kulorin kaifi a daidai lokacin da kake buƙatarsa. Ƙwayoyin kulorin na tiraikulo ma ku ajiye su gefe, da CYA a cikinsu.

Maganin ba shi da wata dabara sai naci. Famfo na gudu dare da rana, ka kai FC 10, ka jira kwata, ka auna, ka sake cikawa. Na zaɓi ranar Asabar na kafa kujera a bakin tafkin da jarkoki jere a gefena. Har azahar bai fi 1 ko 2 nake tararwa ba. Wajen la'asar na ga 4, na gaba 7, CC ya fara sauka, warin nan ma ya ragu. Sai da ya riƙe sama da rabi bayan awa guda sannan na ɗura CYA a safa na rataya a gaban bututu, na nufi 30, na ɗaga FC zuwa 12.

Saura ruwan ya washe. Ina ganin matakala ta uku, amma magudanar da ke can ƙasa a ɓangare mai zurfi har yanzu dishi-dishi, don haka ba zan sauko daga 12 ba tukuna. Agogon matsin ruwa na filta ya tashi daga 12 psi zuwa 15, gobe in Allah ya kai mu zan yi mata wankin baya (juya ruwa baya ya fitar da dattin yashin), in ciro fitilar cikin ruwa in goge raminta, don can datti ke maƙalewa. Yara sun ƙagara, na ce su yi haƙuri sai hutun Memorial Day a ƙarshen Mayu. Masu murfin raga a cikinku, kuna ɗaga gefe ku zuba kulorin a watan Maris, ko kuwa buɗewa kuke yi da wuri? Ina so in tsayar da shawara kafin Oktoba.