Gwamnatin da Aka Hana Karɓar Haraji: Abin da Na Koya daga Tsarin Mulkin Amurka na Farko

Duk ɗalibin kimiyyar siyasa a Najeriya ya san tsarin mulkin Amurka na 1787, tunda daga gare shi namu na 1979 ya aro tsarin shugaba mai cikakken iko. Wanda ya gabace shi kuwa, wato Articles of Confederation, yarjejeniyar ƙawancen jihohi 13, layi biyu ake ba shi a aji a wuce. Aikin jinga ne ya kai ni gare shi, kuma a nan na fi ƙaruwa, domin a nan na koyi inda ake fara dubawa idan aka miƙo maka kundin mulki.

Majalisar wakilan jihohin ta amince da shi a Nuwamban 1777, ana tsakiyar yaƙi da Birtaniya, amma bai fara aiki ba sai ranar 1 ga Maris 1781, don Maryland ta ƙi sa hannu har sai jihohi irin su Virginia sun saki filayen yamma da suke iƙirari. Babu shugaban ƙasa mai zartarwa, babu tsarin kotunan tarayya, majalisa ɗaya ce tak. Kowace jiha ƙuri'arta ɗaya, ƙaramar Delaware daidai take da Virginia. Manyan al'amura sai jihohi 9 sun yarda, gyaran kundin kuwa sai dukkan 13.

Ba na ganin wautar waɗanda suka rubuta shi. Mutane ne da majalisar Landan ta ɗora wa harajin hatimi, wato haraji kan takardu da jaridu, a 1765 ba tare da shawararsu ba, rigima ta kai ga zubar da jini. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Sun ƙudura cewa babu wata hukuma ta nesa da za ta sake sa hannu a aljihunsu, ko da tasu ce.

To, a nan gizo ke saƙar. An ba majalisar ikon shelanta yaƙi, da ƙulla yarjejeniya, da cin bashi, da buga kuɗi, sai aka hana ta karɓar haraji. Iyakarta ta rubuta wa kowace jiha kasonta ta zauna jira. Wasu su aiko da kaɗan, wasu su yi shiru. A 1781 aka kawo shawarar a ba ta kashi 5 cikin 100 na kayan da ake shigowa da su daga waje, don a biya basussukan yaƙi. Kusan kowa ya yarda, Rhode Island ta ce a'a, magana ta mutu. Aka sake gwadawa a 1783, wannan karon New York ta gindaya sharuɗɗan da suka kashe ta. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai: sun san ciwon, sun san maganin, amma kundin ya ba jiha ɗaya damar hana kowa sha.

Ga yadda abin ya kasance a zahiri. A watan Yunin 1783 ɗaruruwan sojoji da ba a biya albashinsu ba suka kewaye ginin da majalisar ke zama a Filadelfiya, da bindigoginsu. 'Yan majalisar suka nemi hukumomin Pennsylvania su kira dakarun jiha su kare su, ba a kira ba. Dole suka tattara takardunsu suka koma Princeton. Gwamnatin da a shekarar ce Birtaniya ta amince da 'yancinta a yarjejeniyar Faris, ita ce ta kasa tsare ƙofar zaurenta.

Ƙasashen waje sun lura. Birtaniya ta ci gaba da riƙe sansanoninta na Detroit da Niagara da ke cikin yankin Amurka, tana cewa ai jihohi ba su bari 'yan kasuwarta sun karɓi basussukansu ba kamar yadda aka yi alkawari. Sifen ta rufe wa Amurkawa bakin kogin Mississippi a 1784.

Talaka ne ya fi jin jiki. A yammacin Massachusetts, jiha ta tsananta haraji don ta biya nata bashin, masu bin bashi kuma na neman tsabar kuɗin da manomi bai da su. Kotu ta riƙa ƙwace gonaki da dabbobi. A 1786 manoman, da yawansu tsofaffin sojojin yaƙin 'yanci, suka riƙa tare ƙofofin kotuna don kada alƙalai su zauna. A Janairun 1787 Daniel Shays ya jagorance su zuwa ma'ajiyar makaman tarayya a Springfield, dakarun jiha suka buɗe musu wuta, mutum huɗu suka mutu. Rundunar da ta tarwatsa sauran, attajiran Boston ne suka haɗa kuɗinta. Ban yarda a kira waɗannan manoma 'yan tawaye kawai a rufe littafi ba. Nauyin yaƙin ƙasa baki ɗaya aka bari ya faɗa wa gonarsu.

Tun daga wannan karatu, kowane kundi na ɗauka, tambayoyi biyu nake fara yi masa: wanda aka ɗora wa aiki, an ba shi hanyar samun kuɗinsa? In kuma an ga gurbi, ta yaya za a gyara? Ko a muhawarar sake fasalin Najeriya su nake yi, duk da cewa tamu matsalar a juye take, jihohi ne ke zuwa Abuja karɓar kaso kowane wata.

Kundin ƙawancen bai tafi a banza ba. A ƙarƙashinsa aka kafa dokar 1787 da ta tsara yadda sabbin yankunan arewa maso yamma za su zama jihohi, ta kuma haramta bauta a cikinsu, yayin da sabon kundin da ya maye gurbinsa ya bar bautar a inda take.

Da wakilai suka hallara a Filadelfiya a Mayun 1787, an tura su ne su yi gyara, sai suka rubuta sabo. Iko na farko da suka jera wa sabuwar majalisa shi ne ɗora haraji da karɓarsa. Gyara ya koma kashi uku cikin huɗu na jihohi, kuma suka ce jihohi 9 sun isa kundin ya fara aiki. Rhode Island ba ta aika ko wakili ɗaya ba, ita ce kuma ta ƙarshe da ta shiga, a Mayun 1790.