Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: "Saifa Ce"

Makon jiya na tsaya inda muka dawo Mabera da bakwainina, kilo ɗaya da 'yan kai. Shekarar da ta biyo baya ba na tuna komai a cikinta sai wanki. Abin da ya tsaya mini shi ne ranar da nake masa wanka, yana da wata 16, hannuna ya ci karo da wani abu mai tauri a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, kamar ɗanyen mangwaro.

Na gaya wa Inna. Ko taɓawa ba ta yi ba. "Saifa ce. Ke ba ki da kara? Ɗan fari kike lalube haka gaban mutane?" Na yi shiru, don a gidanmu ko sunansa ba na faɗa. Aka kira wanzami ya yi masa tsaga, aka shafa magani. Wata uku cikin na girma, ƙafafu na tsukewa, nono ma ya ƙi.

Yayata ce ta zo daga Gidan Igwai ta goya shi zuwa asibiti ba ta nemi iznin kowa ba. Aka yi hoton ciki, aka auna wani abu a jini da suke kira AFP, ya hau sosai. Likita ya ce dajin hanta ne na jarirai, hepatoblastoma, ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 3, kuma bakwaini sun fi shiga haɗarinsa. Na ce, "Likita, ba saifa ba ce?" Ya ce saifa a hagu take, Hajiya.

A hagu! Ko bara da Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, ina zaune cikin 'yan gaisuwa wannan maganar nake juyawa. Na yafe mata, amma ban manta ba.

Sai da aka duba huhunsa, don can ciwon ya fi tsallakawa, kafin a fara ƙarin ruwan maganin daji mai suna cisplatin a rage girman kumburin sannan a yanka. Amai, zubewar gashi, zazzaɓi da tsakar dare. Maganin ya taɓa masa kunne. Yau a aji layin gaba yake zama, in na kira shi daga madafa sai na ɗaga murya, maƙwabta su ɗauka faɗa nake.

Baban yara ya sayar da babur ɗinsa kafin zagaye na biyu. Inna ta zo duba mu da fura a ƙwarya, ta kalli cikin yaron ta ce ai ga saifar ta fara sauka.

Maganar tiyata sai mako mai zuwa.