Hanyar Tawila a lokacin kakar tumbak

Daga El Obeid zuwa El Fasher hanya ce mai cin rai. Mun bar gari da asuba a farkon 2020, muka bi kwaltar da ta ratsa Nahud da Umm Kaddada, rairayi hagu rairayi dama, sai kukoki jefi-jefi da garken raƙuma. Wannan ita ce tsohuwar hanyar alhazan ƙafa, sai dai su gabas suka nufa, ni kuwa yamma. Jikokin waɗanda guzurinsu ya ƙare a hanya su ne Hausawan da ake tararwa a kusan kowace tasha, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya sauke ni a Fasher, dattijon da ke fataucin tumbak, wato tabar bakin Sudan, tun yana saurayi.

A Fasher ban daɗe ba. Na leƙa gidan Sarki Ali Dinar, wanda Turawan Ingila suka kashe a 1916 suka haɗe Darfur da sauran Sudan, na sha shayi a bakin tafkin tsakiyar gari, shi ke nan. Hankalin mai masaukina yana Tawila, garin da ke yamma da Fasher da kamar kilomita 60, domin kaka ta kama kuma dillalai sun riga shi.

A bayan lori muka tafi. Tun kafin a shiga gari ake hango duwatsun Jabal Marra, kuma daga can ne rafukan da ke ciyar da gonakin suke gangarowa. Ba da damina ake noman wannan taba ba. Sai ruwa ya janye, laka ta kwanta a kwari, sannan a dasa, ta rayu da damshin da ƙasa ta riƙe har ƙarshen hunturu. Irinta ma daban ne da na sigari: gajeruwa ce, ganyenta mai kauri, kuma ƙarfinta ya ninka na tabar sigari. Tawila da Shangil Tobaya da Korma su ne sunayen da masu saye ke tambaya.

Na zaci gona za mu fara zuwa. Dattijon ko kallonta bai yi ba, ya ja ni bayan gari inda ake shanya. Ya ce, "Ɗana, gona ta kowa ce. A nan ake sanin manomi."

Ganyen da aka yanko a fili ake baza shi, rana da iskar hunturu su bi ta kansa har kore ya koma ruwan ƙasa. Mata da yara ke juya shi don kada sama ya ƙone ƙasa na ɗanye. Idan ya bushe sai a ɗaure dami-dami, a yayyafa masa ruwa, a jibge, a rufe. Nan ne aikin yake. Cikin tarin zafi ke tashi da kansa, ganyen ya yi gumi, launinsa ya duhunta, ɗanyen warin ciyawa ya tafi, wani wari mai hawa kai ya maye gurbinsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa zai gane abin. Kamar mako biyu ake yi a haka, ana buɗewa ana juyawa.

Na tsaya ina kallon wani manomi, ɗan ƙabilar Fur ne, yana duba nasa tarin. Ba shi da ma'aunin zafi. Ya naɗe hannun jallabiya, ya cusa hannu har gwiwa, ya yi jim, ya zaro ganye ɗaya daga tsakiya, ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina. Sai ya kira ɗansa suka warware tarin nan take, na ciki ya dawo waje. Mai masaukina ya raɗa mini cewa da ya kwana a haka da ya ƙone, ya yi baƙi ya dunƙule, kuma ba dillalin da zai taya. Idan ruwa ya yi yawa fumfuna ce, idan ya yi kaɗan ba zai nuna ba, sai ya fito da ɗaci mai kartar maƙogwaro. Wahalar wata biyar a rafi tana iya tafiya a dare ɗaya, kuma yawancin manoman da bashin dillali suka yi dashe.

Na ce, "Baba, to kai da me kake gane mai kyau?" Ya yi dariya ya ce hanci ne jarinsa. Ya miƙo mini ɗan guntu, na kai hanci, atishawa ta kama ni har hawaye, mutanen wurin suka fashe da dariya. Bayan an gama wannan gumi ake niƙa shi a ɗura a buhu, a ajiye a ɗaki mai duhu watanni, wani har shekara. Tsoho ya fi sabo tsada, shi ya sa mai jari ke saye da kaka ya kulle, manomin da bashi ya shaƙe kuwa ya sayar a araha. Da kintari, ma'aunin nauyinsu, ake ciniki, kuma ba a rabuwa da musu a bakin sikeli.

Kanwa ba ta shiga sai a shagon mai sayarwa, a Omdurman ko Madani ko Port Sudan. Can ake jiƙa garin da ruwan kanwa, wadda ake haƙowa a hamadar arewacin Darfur, a cuɗa da hannu, a ƙulla a leda. Mai sha ya mulmula ɗan ƙwallo, abin da suke kira saffa, ya tura tsakanin leɓe da dasashi. Tsofaffinmu na gida ma da kanwa suke haɗa taba gari, amma ba su kai mutanen nan ba. Direba, soja, malamin makaranta, kowa leɓensa a kumbure. Ni dai ban ga abin sha'awa a ciki ba. Tun shekarun 1990 likitocin Sudan suka nuna cewa tumbak na ɗauke da sinadaran da ke jawo ciwon daji fiye da kusan kowace tabar baki a duniya, kuma wani ɓangare nasu a wannan gumi da ajiya yake samuwa. Na faɗa wa dattijon haka. Bai musa ba, shi kansa bai taɓa sawa a baki ba. Ya ce da shi ya aurar da 'ya'yansa, da shi ya sauke farali, in nuna masa abin da zai fito a wannan laka ya kawo kuɗi haka.

Da za mu koma, a kan buhuna na zauna, warin ya shiga rigata har ya ƙi fita da wanki. A shingen shiga Fasher 'yan sanda suka hau suna soka tsinken ƙarfe cikin buhunan. Ba tumbak suke nema ba, shi halal ne a doka, har haraji ake karɓa a kansa. Bango suke nema, wato wiwi, wanda ake nomawa a ɓoye can kudu wajen Radom, masu safara kuma kan cusa shi cikin kaya mai wari. Ba su sami komai ba, amma sai da direba ya sauka ya gaisa da su a bayan mota.

Wannan hanya yanzu ba ta fatake ba ce. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Fasher, aka yi mata ƙawanya daga Mayun 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka gudu Tawila, da yawansu a ƙafa. Mai masaukina ya riga ya kwashe iyalinsa zuwa Kosti, ya bar buhunan shekara guda a kulle a ɗakin ajiya.