Godiya ga waɗanda suka sa Hajiya ta ga saukar jikarta

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya bayan sallar isha'i kakarmu Hajiya ta kalli walimar saukar Alƙur'anin ƙanwata a talabijin ɗin ɗakinta, tun daga farko har ƙarshe, hoto tas, murya tas. Ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa Zariya ranar taron, ni kuma na yi mata alkawarin zan kawo mata shi har Funtuwa. Kwana uku na yi ina fama kafin alkawarin nan ya cika, kuma ba da dabarata ya cika ba. Shi ya sa nake son in yi godiya a bainar jama'a.

Da na gama haɗa bidiyon, minti 40 ne cif. Saboda ina son Hajiya ta ga mafi kyau, sai na ƙure komai wajen fitar da shi: girman hoto 4K, firam (wato hotuna) 60 a sakan ɗaya, tsarin matse bidiyo na H.265, nauyin bayanai megabit 50 a sakan ɗaya. Fayil ya fito kusan gigabait 15, filashi ya ƙi karɓa alhali akwai wuri a cikinsa. Ɗan yayata ne, yaron da bai gama sakandare ba, ya ce min, "Kawu, filashin naka FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4." Allah ya yi maka albarka, ɗana. Muka sauya tsarin filashin, ya shiga, muka soka a talabijin. Ga ƙira'a tana tashi, allo baƙi ƙirin.

Na koma na fitar da shi a tsohon tsarin matsewa na H.264, girman hoto 1080, amma na bar firam 60 da megabit 50 yadda suke. Hoto ya fito, sai dai yana tafiya yana cijewa, bakin yarinya ya gama aya kafin muryarta ta iso. Hajiya ba ta ce komai ba, cewa kawai ta yi, "Bar shi haka, ai ina ganinta." Wallahi maganar nan ta fi komai tsaya min a rai.

Babbar godiyata ga Malam mai ɗaukar hoto da ya yi mana aikin walimar. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare na kira shi, an riga an biya shi haƙƙinsa, ba abin da ya rage tsakaninmu, amma ya zauna da ni a waya fiye da awa guda. Tambayarsa ta farko ita ce shekara nawa talabijin ɗin ta yi. Na ce ta kusa goma. Ya ce to ga matsalar nan: tsofaffin talabijin da yawa ba su san H.265 ba, H.264 kuma iyakarsu mataki na 4.1, wanda ke ɗaukar 1080 har zuwa firam 30. Firam 60 sai mataki na 4.2. Allon ma 1920 da 1080 ne, don haka 4K ɗin da na nace a kai ba inda za ta bayyana.

Sannan ya nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba. Kyamararsa a firam 25 ta ɗauka, irin tsarin PAL da talabijin ɗin ƙasarmu ke bi, mai tafiya da wutar lantarki ta hats 50. Guntayen da 'yan uwa suka turo min ta waya kuwa wajen firam 30 suke, kuma waya ba ta tsayawa a lamba ɗaya, takan rage gudu idan haske ya yi ƙasa. Ni na zuba su wuri guda na ce su fito a 60, lambar da ba ta rabuwa daidai da 25. Daga nan cijewar take, daga nan murya ke zamewa. Ya sa na bi guntayen wayar ɗaya bayan ɗaya da manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, na mayar da su firam 25 tsayayye, sannan na sake jera su. A ƙarshe muka fitar da MP4, H.264 mataki na 4.1, 1080, firam 25, megabit 12, sauti AAC a kilohats 48. Fayil ya dawo giga 3.6, wanda ko tsohon tsarin filashin zai ɗauka. A idona ban ga abin da ya ragu na kyau ba, har zanen lallen hannunta ana gani. Malam, Allah ya saka da alheri, ya buɗa maka kasuwa, ya jiƙan magabatanka.

Shawararsa guda da ta cece ni daga wani ɓata dare: in yanko minti ɗaya daga wurin da aka fi motsi, lokacin da ɗalibai ke shigowa a jere, in gwada shi a talabijin ɗin kafin in saki aikin gaba ɗaya.

Ina godiya ga maƙwabcinmu da ya ja min waya daga janaretonsa da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Ina godiya ga Yaya babba da ta ba ni aron kwamfutarta kwana uku ba ta tambaye ni yaushe zan dawo da ita ba, da uwargidana da ta yi ta haƙuri da zaman dare.

Da aka zo inda ƙanwata ke karanta farkon Baƙara, Hajiya ta matso da kujerarta kusa da allo tana bin karatun a hankali, tana share hawaye da gefen mayafi. Sau uku ta sa aka maimaita mata wurin. Ta ce in gaya wa duk wanda ya sa hannu a aikin nan tana sa masa albarka, ga shi na isar. Filashin yana wurinta, ta ce a bar mata shi a jikin talabijin ɗin.