Kafin ka kama haya a Maraɗi, dubi layin ba sunan unguwar ba

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Maraɗi, da ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ɗan kasuwar da ya yanke shawarar kawo iyalinsa kusa da harkarsa, duk tambaya ɗaya suke yi tun ba su sauke kaya ba: wace unguwa ce ake zaman lafiya a cikinta? Amsar da ake ba su kuwa kullum jerin sunaye ce. Wani zai ce a nufi Ali Ɗan Sofo, wani ya ce Zariya, wani kuma ya ambaci wata unguwa ya girgiza kai, ya ce can kam ko kyauta aka ba shi gida ba ya zama. Ni dai a ganina irin wannan amsa ba ta cika yi wa baƙo amfani ba, domin unguwa ɗaya tana iya ƙunsar layin da ake barin babur a ƙofar gida a shiga salla, da kuma layin da ba a bi bayan isha'i, alhali tsakaninsu bai wuce tafiyar minti biyar ba.

A ƙidayar 2012 an samu mutum 267,249 a cikin birnin, wanda yana cikin manyan biranen Nijar uku tare da Yamai da Damagaram, kuma tun daga lokacin gine-gine suke ta cinye gonakin da ke kewaye da shi. Garin da ya kai wannan girma, har aka raba shi gunduma uku, ya wuce a ce wani ya san kowane lungu nasa. Mai ba ka shawara yana faɗin abin da ya ji ne shekaru da suka wuce, ko abin da ya taɓa faruwa da wani ɗan uwansa, sai sunan ya liƙe wa unguwa ko da halinta ya daɗe da sauyawa.

Abu na farko da nake dubawa ba ɓarawo ba ne, ruwa ne, kuma tarihin garin kansa shi ya koyar da haka. Tsohuwar Maraɗi a cikin fadamar Gulbin Maraɗi take, har sai da ambaliyar 1945 ta rusa ta, sannan aka tayar da gari aka maido shi kan tudu, aka yanka tituna masu faɗi, aka sake zaunar da tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maraɗawa da Limanci a kewayen fadar sarki. Sai dai hawa tudu bai raba mu da ruwa ba, domin duk abin da ya sauka a sama dole ya nemi hanyar gangarawa gulbi, kuma idan ya tarar an gina gida a kan hanyarsa ta cikin gidan zai bi. Ruwan da aka yi a ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda ya kashe mutum 15 a cikin birnin, ya rusa gidaje masu yawa, bai tambayi sunan unguwa ba. Ɓarawo yana ɗaukar babur ko talabijin ya bar maka ɗaki, ruwa kuwa da ɗakin yake tafiya.

Dillali ya fi son ya nuna maka gida da rani, lokacin da kowane layi ya bushe tas. Idan da hali, ka ga wurin da damina, da safiyar ranar da aka kwana ana ruwa. Idan kuma babu hali, bango yana ba da labari. Ka sunkuya ka dubi gindin katanga: za ka ga inda launin siminti ya canza, wani layi mai duhu da ya bi bangon a miƙe, wanda shi ne iyakar inda ruwa ya kai. Ka dubi ƙofofin maƙwabta. Idan kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu ko uku, har sai an ɗaga ƙafa kafin a shiga zaure, ko ka ga ruɓaɓɓun buhunan yashi a jere a bakin gida, to ba don ado aka yi su ba. Ka bi titin da ido ka ga ko tsakiyarsa ta zaizaye ta zama ƙorama, ka leƙa magudanar ruwa, in akwai ta, ka ga ko leda da yashi sun cike ta. Ragin jika biyar a kuɗin haya ba ya biyan katifa da buhun gero da takardun makarantar yara.

Sai batun sata, wadda a cikin gari ta fi yawa a kan babur, da fizgen waya, da haura katanga a gidan da aka san babu kowa. A nan ne nake saɓa wa ra'ayin mutane da yawa. Ana ɗauka cewa sabuwar unguwa mai manyan gidaje, da dogayen katangu da aka dasa wa fasassun kwalabe, ita ce ta fi tsaro. Amma doguwar katanga alama ce ta cewa mai gidan ba ya sa ran wani zai kawo masa ɗauki, kuma idan ɓarawo ya riga ya dira ciki, katangar shi take rufa wa asiri. A bakin gari za ka tarar da gida ɗaya da mutane, na kusa da shi kango ne da mai shi ya kai linta ya tsaya, na gaba fili ne da ciyawa ta rufe, babu fitila, babu mai tebur, babu wanda zai ji kururuwarka. Mai hali yana ɗaukar maigadi ya kwanta hankali kwance. Malamin makarantar da ya kama ɗaki biyu a gefensa kuwa ba shi da kowa sai Allah.

A tsofaffin unguwanni abin ya sha bamban. Baƙon fuska ba ya wuce zaure uku ba a tanka masa ba, tsofaffi suna kan tabarma a ƙofar masallaci, mai tuyar ƙosai ta san ɗan kowa, masu zuwa sallar asuba suna kan hanya tun duhu bai yaye ba. Wannan ido shi ne tsaron, kuma ba a biyan kuɗinsa. Sai dai yana da nasa nauyin, wanda bai kamata a ɓoye wa baƙo ba: za a san lokacin fitarka da na dawowarka da wanda ya zo wurinka, ga cunkoso, ga kwata da sauro, ga lungun da mota ba ta shiga. Wanda ba ya jure wannan kada ya zo ya ce an cuce shi.

Fada, wato wurin zaman hirar samari, ma haka take. Wasu da sun ga samari sun kewaye butar shayi a bakin titi sai su ce unguwar ƴan iska ce. Ba haka ba ne kullum. Akwai fadar da take zaune a wuri ɗaya shekara da shekaru, kowa ya san iyayen ƴaƴanta, su ne masu yashe magudana da haƙa kabari da bin sawun ɓarawo cikin dare. Akwai kuma wadda shaye-shaye ya tara, wadda mata suke sauya hanya saboda ita. Bambance su ba ya da wuya: ka tsaya daga nesa da magariba ka ga ko ƴan mata da aka aika suna wucewa ta gabansu ba tare da sun ƙara sauri ba, ka ga ko sun rage murya idan dattijo ya zo wucewa.

Na taɓa raka wani abokin aiki duba gida, muka zauna a teburin mai shayin layin kafin mu nemi mai gidan. Da ya tambayi wani dattijo da ke gefe yadda unguwar take, sai ya ce, "Lafiya lau, Malam, sai alheri," wanda shi ne abin da kowa zai ce, don ba mai kushe unguwarsu a gaban baƙo. Sai na ce, "Baba, babur fa, a ina kuke kwanar da shi?" Ya yi murmushi ya ce, "A cikin ɗaki, ɗana, kuma da sarƙa." Tambaya kai tsaye ladabi take jawowa, wadda take fito da gaskiya ita ce ta gefe, kamar ƙarfe nawa mai shago yake rufewa, ko yaushe rabon da a ji ihun ɓarawo. Ɗan kabu-kabu ma shaida ne mai kyau: ka tare shi a bakin babbar kasuwa bayan ƙarfe goma na dare ka faɗa masa layin, in ya ƙara kuɗi fiye da kima ko ya ce iyakarsa bakin kwalta, ka samu amsarka.

Masu zuwa daga nesa sukan taho da tsoron abin da suke ji a rediyo game da ƴan bindiga. Wannan masifa gaskiya ce, amma ta fi addabar ƙauyukan kan iyaka da Najeriya, a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, kuma sunan jiha da na birni da suka zo ɗaya shi ke sa a haɗa su. Abin da ba na so shi ne yadda ake mayar da waɗanda suka gudo daga can, suka raɓe a bakin gari, abin zargi, kamar yadda ake mayar da kowace unguwar talakawa unguwar ɓarayi. Yawancin mugun sunan da ake liƙa wa wuri, idan ka bi diddiginsa, raini ne kawai ga masu ƙaramin ƙarfi.

Sauran abubuwan da ke sa wuri ya yi daɗin zama a bayyane suke: ko famfo yana kawo ruwa da rana ko sai tsakar dare, ko wuta tana da ƙarfin juya fanka a watan Afrilu, nisan makaranta da asibiti. Waɗannan kuwa mata suka fi sani, saboda haka mai iyali ya bar uwargida ta shiga gidan maƙwabta ta gaisa, za ta fito da labarin da dillali ba zai taɓa bayarwa ba. Daga nan sai a je a gaida mai unguwa kafin a biya ko dala. Shi ya san gidan da ake rigimar gado a kansa, da filin da aka sayar wa mutum biyu, da mai gidan da yake tayar da ɗan haya da zarar an yi masa tayin da ya fi, kuma ranar da wani abu ya faru cikin dare, ƙofarsa za a fara bugawa kafin a kai ga ofishin ƴan sanda.